Gidan Ermete Mai Taya Huɗu

Shekara talatin da takwas Ermete Scarponi ya yi a bayan tagar gidan waya a garin Jesi, yana buga hatimi a kan wasiƙun da ke tafiya garuruwan da bai taɓa takawa ba. Da ya yi ritaya, matarsa Velia ta zaci zai yi abin da tsofaffin unguwarsu ke yi, wato ya kama kujera a shagon kofi, ya riƙa gyara wa gwamnati kurakuranta daga safe zuwa tsakar rana. Wata uku ya yi a haka. Wata Talata cikin watan Afrilu sai ta ji ana danna ƙaho a ƙofar gida. Ta leƙa ta taga, ta ga wata farar mota mai girman ƙaramar bas ta toshe layin gaba ɗaya, mijinta kuma yana bayan sitiyari, baki har kunne.

Irin motar nan ce mai ɗaki a ciki. Akwai gado a sama da kan direba, da murhun gas mai kai biyu, da ɗan firji, da tebur da ake naɗewa, da banɗakin da in mutum ya shiga sai ya fito kafin ya iya juyawa. A hannun wani likitan haƙori na Ancona ya saye ta. Ya ce likitan har ƙwalla ya yi da zai ba da makulli, amma matar likitan ce ta matsa a sayar. Velia ta riƙe wannan maganar ta ƙarshe a ranta.

Tuni Ermete ya gama tsara komai. Za su gangara kudu su ziyarci abokansa na aikin soja, mutum biyar da rabon da ya gan su tun gashin kansu yana baƙi. A tsakanin gida da gida kuma za su bi kasuwannin ƙauye, inda a cewarsa har yanzu ake samun abinci na gaske, ba irin na manyan kantuna da ke ɗanɗanon kwali ba. Ya shimfiɗa taswira a teburin cin abinci, ya zagaye kowace kasuwa da jan fensir, ya rubuta ranar cinta a gefe.

"Abin da ya fi daɗi, Velia, ba za mu ɗora wa kowa nauyi ba," in ji shi. "Gadonmu, murhunmu, ruwanmu. Mu gaisa, mu yi hira, mu koma gidanmu a ƙofar gidansu."

Ta tambaye shi wa zai riƙa girki a murhun nan mai kai biyu, wa kuma zai riƙa wanke banɗakin. Ya ce a tafiya irin wannan ba a raba aiki, kowa ya yi abin da ya iya. Ita kuwa ta san abin da ya iya, tuƙi da bayani.

Suka tashi farkon watan Mayu. Kasuwar farko a wani ƙauye ne kan duwatsun Abruzzo, kuma Ermete ya shige ta kamar mai shiga coci. Ya wuce rumfunan masu robobi da safa da rigunan barci ba tare da ya dube su ba, har ya isa wurin wani tsoho mai gemu, da hular makiyaya da sanda jingine a gefe, ya jera cuku a kan katako. Ermete ya sunsuna, ya lumshe ido, ya ce yana jin ƙanshin ciyawar dutse a ciki. Tsohon ya ce ai tumakinsa ba sa cin komai sai furanni. Suka yi rabin awa suna yaba wa juna, Ermete ya sayi ƙulli guda mai girman tayar babur.

Velia ta zagaya bayan rumfar neman inuwa. A nan ta ga motar tsohon a buɗe, cike da kwalaye, kowane kwali ɗauke da sunan wani kamfanin madara da ke bakin hanya, minti ashirin daga gidansu na Jesi. Tana tsaye sai ga tsohon ya zagayo, ya cire hular ya share gumi, ya zaro waya daga aljihu ya shiga faɗa da wani a kan lodin da bai iso ba. Da suka haɗa ido, ya ɗaga mata kafaɗa, ya mayar da hularsa ya koma bakin aiki.

Ba ta gaya wa mijinta ba. Ya riga ya yanka ya ci, ya kuma ce tun rasuwar kakarsa bai ɗanɗani irinsa ba. Cukun bai shiga firji ba saboda girma, don haka aka ajiye shi ƙarƙashin kujera. Kafin kwana biyu, labule da matasai da rigunan Velia duk sun ɗauki warinsa.

Gida na farko shi ne na Sabatino, a wani ƙauyen Molise da aka gina tun zamanin da jaki ne babbar abin hawa. Sabatino ya ce a waya su bar motar a gindin tudu su hau da ƙafa. Ermete ya ce shi da ya tuƙa motar soja ba zai tsorata da lungu ba. Lungun ya yi ta tsukewa har madubin hagu ya fara shafar bango, na dama kuma ya kwaso wa wata mata tukunyar furanni. A kwana ta uku rufin motar ya shige ƙarƙashin wata baranda ya maƙale.

Kafin minti goma mazan ƙauyen sun hallara. Wannan ya ce a yi gaba, wancan ya ce a yi baya, mai aski ya fito da almakashi a hannu ya ce a sace iskar tayoyi. Matar da ke da barandar ta leƙo daga sama tana sanar da su shekarar da kakanta ya gina ta. A ƙarshe shawarar mai aski aka bi. Motar ta fita da wani dogon tabo a rufi, ta rarrafa zuwa ƙofar Sabatino, yara da karnuka na biye.

Sabatino ya yi ƙiba, kansa ya zama sanƙo. Ya rungume Ermete har ya ɗaga shi daga ƙasa, yana cewa, "Kumpa, abokina, har yanzu ba ka iya ribas ba." Matarsa Rosalba, gajera mai faɗin kafaɗa, ta sumbaci Velia a kumatu biyu, ta ɗan ja baya saboda warin cuku, sannan ta ja hannunta zuwa bene don ta nuna mata ɗakin da ta shirya. Ta fito da zannuwan gadon aurenta masu aikin hannu, ta wanke, ta goge, ta sa furanni a kan tebur. Velia ta dubi faffaɗan gadon nan kamar mai jin yunwa ya ga tukunya.

A wurin cin abinci ne Ermete ya sanar cewa a mota za su kwana, don kada su takura wa kowa. Rosalba ta ajiye ludayi. Ta tambayi Velia, ba shi ba, ko ta ga wani abu ne a ɗakin. Velia ta ce ɗakin ya fi na otal. Rosalba ta ce to, ta ci gaba da zuba taliya fuska a ɗaure.

Washegari duk ƙauyen ya san cewa baƙin Rosalba sun gwammace su kwana a titi. A gidan burodi wata ta ce wataƙila kuɗin cizo ne. Wata ta ce mutanen arewa haka suke, ba sa yarda da zanen gadon kowa. Rosalba, wadda shekara arba'in ba a taɓa jin kanta ba, ta zama abin hira a ƙofar coci.

Rashin ɗora nauyin kuwa ga yadda ya kasance. Batirin motar ya mutu, aka jawo wayar lantarki ta tagar kicin, tagar ta daina rufuwa, ƙudaje suka samu hanya. Tankin ruwa ya ƙare, aka cire tiyo daga lambun Sabatino. A rana ta uku tankin bayan gida ya cika. Ermete ya zaro shi, wani akwatin roba mai hannu, ya ratsa dandalin ƙauyen da shi da hantsi yana neman inda zai zubar, yana gaida mutane kamar wanda ya sauko daga jirgin ƙasa da jakarsa. Tsofaffin da ke zaune a benci suka amsa gaisuwar da ladabi, suka bi shi da ido. Daga ƙarshe a banɗakin Rosalba aka juye, ita kuma ta kwana biyu tana zuba sinadarin wanki.

Velia ta lallaɓa ta same ta a kicin ta ba ta haƙuri. Ta ce ita da za a bar ta, a gadon nan na bene za ta mutu. Rosalba ta dube ta, ta yi dariyar farko tun zuwansu, ta ce nata mijin ma ya taɓa sayen jirgin ruwa, alhali tsakaninsu da teku tafiyar awa biyu ce, yanzu kaji ke ƙwai a ciki.

Amma fa Rosalba ba ta bar maganar mutuncinta haka ba. Ranar tafiya, da gangan ta jira sai da maƙwabta suka fito, sannan ta fara fito da tsaraba. Kwalaben miyar tumatir arba'in, kowace da takarda a jiki da rubutun hannunta. Jarkar man zaitun biyu. Barkono a cikin mai, gauta a cikin mai, busasshen ɓaure, buhun wake. Ermete ya ce ya isa, Sabatino ya ce in ya mayar da ko kwalba ɗaya to abotarsu ta ƙare a nan. Maƙwabta suka ƙirga da ido, suka gamsu cewa ko me ya hana baƙin kwana, ba rowa ba ce.

Haka aka yi a gidaje uku na gaba. Labari yakan riga su isa, domin abokan suna waya da juna, kuma babu matar da za ta yarda a ce Rosalba ta fi ta hannu. Ta biyu ta ba da kwalba hamsin. Ta uku ta ƙara da zuma da ruwan inabi. Ta huɗu ba ta iya miya ba, sai ta cike gurbin da dankali. Ermete kuma bai fasa kasuwanninsa ba. Duk inda ya ga tsohuwa mai baƙin ɗankwali zaune bayan kwando sai ya saya, don ya ce irin waɗannan fuskokin ba sa ƙarya.

Cikin mako na huɗu, kwalabe sun cika banɗaki har wuya, wanka ya koma na tawul da kwano. Wake da dankali sun mamaye tebur. Velia takan taka jarkar mai kafin ta hau gado. Gindin motar ya zauna a kan tayoyin baya, a kan tudu kuma tafiya take kamar mai ciwon ƙugu, motoci ashirin a bayanta suna ƙaho, Ermete na fito da hannu ta taga yana musu alamar su yi haƙuri.

Wata Alhamis da yamma suka shiga Montecupo, wani gari a Basilicata, injin yana huci. Suka tarar da faffaɗan dandali babu mota ko ɗaya, ga bishiyoyi, ga famfo. Ermete ya ce dubi yadda ake rayuwa inda babu cunkoso. Velia ta nuna masa wani allo a jikin fitila, ya ce irin waɗannan allunan a kudu ado ne, ba wanda ke bin su. Ya ajiye motar a tsakiyar dandalin.

Ƙarar ƙarafa ce ta tashe su da sassafe. Velia ta ɗaga labule ta ga kifi. Ta ɗaga na ɗaya gefen ta ga takalma. Ranar Juma'a ce kasuwar Montecupo ke ci, kuma ta ci a kewayensu, rumfa a gaba, rumfa a baya, babu ratar da keke zai bi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce mai jan gashin rini, sigari a baki, ta ce sunanta Titina, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana kasa kaya a daidai inda tayarsu ta baya take. Ermete ya fito da singileti da gajeren wando, gemun kwana huɗu a fuska, ya fara bayani. Ta ce bayani ba ya sayar da kaya. Ɗan sandan garin ya zo, ya dubi motar, ya dubi rumfunan, ya ce babu mai fita kafin ƙarfe biyu, ya rubuta takarda ya maƙala a gilashi ya tafi shan kofi. Titina ba ta ɓata lokaci ba. Ta ɗaure igiya daga madubin motar zuwa tsanin baya, ta rataye hajarta, wato rigunan nono da kamfai masu girma dabam-dabam, har suka rufe tagar direba.

Ermete ya koma ciki ya zauna a kan buhun wake ya dafe kai. Velia kuwa kofi take so, tukunyar kofin kuma tana bayan kwalaben Rosalba. Ta buɗe ƙofa ta fara fito da su tana jerawa a kan matakala da kan wani akwati. Tana cikin haka sai ta ji an ce, "Sinyora, nawa kwalba?"

Wasu mata da miji ne 'yan Milano, da tabarau da hulunan kaba da jakar saƙa. Matar ta riga ta ɗauki kwalba tana nuna wa mijin rubutun hannun da ke jiki. Velia ta buɗe baki za ta ce ba na sayarwa ba ne. Sai ta tuna banɗakin da rabonta da shiga tun Molise. Ta dubi Titina, Titina ta ɗaga mata yatsu takwas daga bayan rigunan nono. Velia ta ce yuro takwas. Suka ɗauki shida ba tare da tayi ba.

Ermete ya leƙo don ya hana. Da ɗan Milano ya gan shi, da singiletin da gemun da gashin da bai ga mataji ba, sai ya cire tabarau. Ya tambaya cikin ladabi ko shi ne manomin. Velia ta ga maganar gaskiya ta taso wa mijinta har maƙogwaro, ta tsaya, ta koma. Mutumin yana dubansa da irin idon da shi kansa yake duban tsofaffin kasuwa, kuma a shekara talatin da takwas na bayan taga babu wanda ya taɓa dubansa haka.

"Gonar ƙarama ce," in ji Ermete a hankali. "Can bayan dutse."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Tumatirin, a cewarsa, iri ne da kakarsa ta ɓoye a cikin safa lokacin yaƙi. Ba a tsinkarsa sai da farin wata. Man zaitun daga bishiyoyi bakwai ne kacal da suka girmi cocin garin. Ya ma canza harshe, ya koma jan magana irin ta Sabatino. Mutane suka taru, akasarinsu baƙi masu hutu, domin 'yan gari kowa na da irin wannan miyar a ɗakin ajiyarsa, suna wucewa ne kawai suna murmushi. Wata budurwa ta ɗauke shi hoto rungume da kwalba, kayan Titina na kaɗawa a bayansa. Har ragowar cukun nan na ƙarƙashin kujera ya fito da shi, ya sayar wa wani malamin jami'a da ya sunsuna ya lumshe ido.

Kafin ƙarfe ɗaya banɗaki ya zama fayau. Titina ta ce in yana so, mako mai zuwa ta ba shi gefen rumfarta, don tun da take ba ta taɓa sayar da kamfai da yawa haka ba. Da aka kwashe kasuwa, motar ta hau tudu kamar an sake mata jini, Ermete na yin fito da baki, Velia na tunanin wanka da ruwan zafi.

Kwana biyu farin cikin ya yi. Ranar Lahadi suna cin abincin rana a bakin wani rafi wayar Velia ta yi ƙara, sunan Rosalba a jiki. Budurwar nan ta sa hoton a intanet tare da labarin kaka da safa, wata 'yar ƙanwar Rosalba da ke karatu a Milano ta gani, ta gane rubutun innarta a jikin kwalba. Yanzu hoton ya zagaye ƙauyen, har mai aski ya manna shi a madubi.

Velia ta so ƙasa ta tsage. Ta fara ba da haƙuri, Rosalba ta katse ta ta ce a ba ta mai gonar. Ermete ya karɓi wayar da hannu biyu. Muryar tana fita har Velia na ji.

"Ermete, wace kakar taka ce ta tsaya a kan tukunya cikin zafin Agusta? Ni ce kakar taka?"

Ya ce abin ya zo ne ba shiri. Ta ce bayan ya ƙi gadonta, ya cika mata gida da ƙudaje, yanzu kuma ya ɗauki miyarta ya ba wa wata matacciya 'yar arewa da ko tafasa ruwa ba ta iya ba. Ta yi ta yi har ta gaji. Sannan da wata murya dabam ta tambaya nawa ya sayar. Ya faɗa mata. Ta ce a kan hanyarsu ta komawa su biyo, akwai kwalba casa'in na bara da ba a taɓa ba, amma wannan karon sunanta za a faɗa, kuma a gidanta za a kwana, shi da matarsa, a bene.

Saura gida ɗaya, na Canio, wanda Ermete ya fi ɗokin gani, don shi ne mai barkwancin rundunarsu. Tun a hanya Ermete ke shirya kalmomin da zai ƙi tsaraba da su. Suka hau wani ƙauye da ke manne a gefen dutse, suka tarar da rabin gidajen a kulle, ciyawa ta fito a bakin ƙofofi. Taswirar ta ce kasuwa na ci ran Talata. Wata tsohuwa ta ce shekara tara ke nan da kasuwar ta daina ci, yanzu wata mota ce ke zuwa da burodi da sabulu, ta yi ƙaho ta wuce.

Canio ya buɗe ƙofa da rigar da aka ɓalle maɓallanta a karkace. Matarsa ta rasu bara waccan, 'ya'yansa biyu suna Jamus. Bai faɗa a waya ba, ya ce bai ga amfanin ɓata wa mutane tafiya ba. Ya shigar da su kicin, ya buɗe kabad ya rufe, ya sake buɗewa. Velia ta hango gwangwanayen kifi da taliya rabin leda. Ta tuna kwalabe sama da ɗari da suka bi 'yan hutu zuwa Milano, da zumar, da man, ta dubi mijinta. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

Abin da ya rage a mota dankali ne, don shi kaɗai baƙin suka ƙi saye, sai albasa da ƙwai huɗu. Ta soya a murhun nan mai kai biyu, suka ci su uku a ɗan teburin, gwiwa na gugar gwiwa. Canio ya cinye nasa ya share farantin da burodi. Sannan ya tashi ya bi motar lungu-lungu, ya buɗe firji, ya gwada famfo, ya shiga banɗaki ya fito da baya. Ya zauna a kujerar gaba ya ɗora hannu a kan gwiwa yana kallon gilashi, ko da yake babu abin gani sai bangon gidansa. Duk tafiyar nan shi ne mutum na farko da bai yi wa motar dariya ba. Ya tambaya daga nan sai ina. Ermete ya ce teku, wajen Maratea. Canio ya ce rabonsa da ganin teku tun kafin matarsa ta kwanta ciwo.

Velia ce ta yanke shawarar, tana wanke kwanoni. Ta ce gadon mota na mutum biyu ne, su biyu kuma ga su. Ita za ta zauna ta ba barkonon Canio ruwa, ta kuma ga abin da za a iya yi wa kicin ɗin nan. Ermete ya ce ai ba a raba tafiya. Ta ce ya ɗauki abokinsa su tafi tun rana ba ta yi zafi ba.

Kwana huɗu ta yi ita kaɗai a gidan. Ta yi wanka a baho har yatsunta suka yi yaushi, ta miƙe ƙafa a gado mai faɗi, ta wanke labule, ta tare motar burodi ta cika kabad. Tsohuwar nan takan kawo kujerarta da la'asar su zauna a ƙofa, ta ba ta tarihin kowane gidan da ke kulle, wa ya tafi Torino, wa ya tafi makabarta. Ermete ya kira sau goma sha ɗaya, yawanci don ya tambayi inda ake ajiye wani abu.

A rana ta biyar suka dawo, fuska ta ƙone da rana, ba mai yi wa wani magana. Canio ya ce mutumin nan minshari yake kamar injin niƙa, kuma bai iya dafa taliya ba. Ermete ya ce Canio ya zubar da kofi a kan taswira, wai kuma Canio ya nace cewa shi ne ya fito da motar kyaftin daga laka a shekarar da suka yi soja, alhali kowa ya san wanda ya tuƙa. Suka ci abinci kowa na kallon nasa farantin. Velia ta lura Canio ya ƙara sau biyu, maɓallan rigarsa kuma suna daidai.

Da safe da za su tafi, Canio ya tsaya a bakin tagar direba, hannu a aljihu, ya ce wai an ce Sicilia ma akwai teku. Ermete ya ce akwai, amma ba a zuwa da wanda ba ya iya riƙe kofin kofi. Canio ya ce zai zo da nasa kofin mai murfi. Suka yi musu a kan watan da ya fi dacewa, Yuni ko Satumba, har sai da motar burodi ta iso bayansu tana ƙaho a ba ta hanya.